Dutsen Washin Aulis da Ƙanƙarar Watan Maris

Paltamo, 21 ga Fabrairu

Reima,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran. Mu nan kalau muke, in ban da idona da ya ga abin da ya gani jiya a talabijin ɗin yayarka Sirkka.

Kashi shida ke nan kuka sha a jere. Shekara talatin da huɗu na yi ina washin ƙarfen takalman 'yan hokin ƙanƙara na Virtasalo. Koci goma sha ɗaya suka zo suka wuce a gabana, har da wanda ke zuwa atisaye yana warin giya, amma ban taɓa ganin ƙungiyar da ta ci Kirsimeti tana ta uku a teburi ta gangaro ta takwas ba sai a hannun ɗan cikina. A zangon farko na wasa yaranka suna gudu. A na biyu suna lallaɓawa. A na uku kuwa ko ni da sandar dogarawata sai in wuce su in waiwayo.

Jarida ta ce duk safiyar da kuka sha kashi sai ka fito da su kan ƙanƙara ba ƙwallo ba sanda, daga bango zuwa bango har minti arba'in, ka ajiye bokiti a tsakiyar fili saboda masu amai. Ka kuma buɗe baki ka gaya wa ɗan jarida wai ba su da zuciya. Reima, mutumin da ya bari aka zubar masa da haƙora huɗu saboda ƙwallo, shi za ka ce ba shi da zuciya? Kunya ta kama ni a madadinka.

Yaya injin naka mai koriyar fitila, wanda ka girke a inda dutsen washina yake? Ina fatan yana cikin ƙoshin lafiya. Ka tambaye shi abin da ke damun ƙungiyar, ai shi ne gwani yanzu. Ni an sallame ni da agogon bango da furanni a tsakiyar fili, mutum dubu huɗu suna tafi. Ban ji tafin ba, na dai ga hannuwa suna motsi.

Kada ka buga waya. Ka san dutse ya cinye min kunne, kuma Sirkka tace magana take yi kafin ta miƙo min. In kana da ta cewa, ka rubuta.

Ka gaida jikokina.

Ubanka,
Aulis

*

Virtasalo, 24 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan sanyin arewa bai taɓa maka gwiwa ba. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye. Na gode da ba ka manta yadda ake yi min magana ba.

Bakwai ne yanzu, tunda ƙirge kake. Mun koma ta tara. Jiya Shugaba Kurkela ya kira ni ofis, ko kujera bai nuna min ba, ya ce, “Reima, takwas na farko ne ke shiga zagayen kofi. In ka ƙare na tara, ka bar min makullinka a kan tebur.” Shekara goma sha biyu na yi ina yawo da ƙananan ƙungiyoyi a tsohuwar bas kafin a ba ni wannan kujera. In na rasa ta a shekarar farko, babu mai sake ba ni irinta, kai ma ka sani.

Maganar bokiti kuwa, a ina na koya? Ina ɗan shekara sha bakwai koci ya sa mu gudun bango har na zube a ƙasa. Kana tsaye a ƙofar ɗakin washi da kofinka a hannu. Da muka koma gida Mama tana faɗa, ka ce mata haka ake yin maza. Yau kuma kai ne mai tausayi?

Kada ka zaci zaune nake. Na sake jera 'yan wasa sau huɗu. Na zaunar da gola, na dawo da shi. Na kawo likita ya auna jininsu, ya ce ba abin da ya gani. Na kalli bidiyo har idona ya yi ja. Yaran da suka yi wata huɗu suna lallasa kowa, yanzu da an shiga zango na uku sai ƙafa ta mutu. In ba lalaci ba ne, mene ne?

Injin kuma ka bar shi ya huta. Kowane ɗan wasa ya faɗi lambar kwarmin da yake so a ƙasan ƙarfen takalminsa, injin ya ba shi ita cif, yau da gobe da jibi. Ba ya fushi, ba ya gaba da kowa.

In ka san wani abu ka faɗa. In zagi ne kawai, ina da mutum dubu huɗu masu yi min shi kyauta duk Asabar.

Na bar ka lafiya.

Ɗanka,
Reima

*

Paltamo, 27 ga Fabrairu

Ƙanena Reima,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da 'yan kallo? Pentti ma yana gaishe ka, ya ce kada ka damu, shi tun farko wata ƙungiyar yake goyon baya. Ka san mijin nawa da iya lallashi.

Kai da Baba kun mayar da ni ma'aikaciyar gidan waya. Da wasiƙarka ta zo ya karanta sau biyu, ya cusa ta ƙarƙashin kwanon sukari, ya fita ya faskara itacen da zai ishe mu har baɗi.

Ka saurare ni, don na fi ka shekaru kuma na fi ka ido. Tsohon nan ya san wani abu. Kullum da safe sai ya tsaya a taga ya duba ma'aunin sanyi, ya duba ruwan da ke ɗiga daga rufi, ya ce, “Yau ta yi laushi.” In ana wasanku ba ya kallon ƙwallo ko kaɗan. Kujera yake ja har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ƙafafun yaranka yake kallo. Da an shiga zango na uku sai ya ce, “Ga shi nan. Wawa.” Ban sani ba ko kai ne wawan ko injin.

Na ce, “Baba, in ka san abin da ke damunsu ka gaya wa yaron nan mana, aikinsa fa zai tafi.” Ka san me ya yi? Ya cire na'urar kunnensa ya jefa a aljihu, ya ci gaba da shan miyar kifinsa.

Ba zai faɗa ba sai ka tambaya. Kada ka ce min ka tambaya. “In ka san wani abu ka faɗa” ba tambaya ba ce, umarnin koci ne, shi kuwa ba ɗan wasanka ba ne. Haushinku nake ji ku biyun, wallahi. Da Mama na da rai da tuni ta gwara muku kai.

Kuma don Allah ka ɗauke bokitin nan, abin kunya ne.

Yayarka,
Sirkka

*

Virtasalo, 3 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa.

Kashi tara cikin wasa goma. Jiya da safe a gudun bango Eemeli, ɗan bayan da na fi dogara da shi, ya juya a zagaye na sha huɗu sai ya ƙwalla ihu ya faɗi. Jijiyar matsematsinsa ta yage. Ba zai sake taka ƙanƙara bana ba, likita ma bai yi alkawarin baɗi ba. Ni na busa usur ɗin. Na jefar da bokitin.

Saura wasa huɗu, maki uku tsakaninmu da ta takwas. Sirkka ta ce ka san abin da ke kashe musu ƙafa. Ban sani ba, Baba. Na duba ko'ina ban gani ba. Ina tambayarka, don Allah ka gaya min.

Ɗanka,
Reima

*

Paltamo, 5 ga Maris

Reima,

Na amsa gaisuwarka. Ka gaida Eemeli, ka ce masa ina jin ciwon nan a jikina.

Yaushe rabonka da ka ɗaga kai ka dubi rufin filinka? Kwano ne, tun kafin a haife ka, kuma gefen kudu ba shi da silin. Daga farkon Fabrairu rana ta fara dawowa, kwanon ya ɗauki ɗumi, ƙanƙarar ta yi laushi. Injin sanyin da ke ƙasa tsoho ne, ba ya iya riƙe ta. Kwarmi mai zurfi yana da daɗi a ƙanƙarar Janairu mai tauri, yana cizo, mutum ya juya yadda ya so. A ƙanƙarar Maris nutsewa yake yi. Yaranka wata guda ke nan suna gudu kamar a cikin laka, safe da yamma, kai kuma ka ƙara musu minti arba'in a kai. Baƙi dare ɗaya suke sha su tafi. Naka kullum suke sha, su kuma ɗauki gajiyar su kai ta gidan wasu.

Za ka ce me ya sa ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka yi wasa, ka san halin ɗan hoki. Mutumin da ba ya canja safa in yana cin wasa, shi za ka ce wa ya canja lambar kwarminsa ana saura wata guda a gama? Kyaftin ɗinka Oskari tun yana yaro sha uku yake cewa, don sha uku ubansa ke hawa. Ya miƙo takalmi ya ce, “Sha uku, Aulis.” In ce, “Sha uku, ranka ya daɗe.” In rufe ƙofa. Duk mako in rage zurfin kaɗan, lambar tana hawa, har a ƙarshen Maris yana kan ashirin bai sani ba. Ƙafarsa cizo iri ɗaya take ji, don ƙanƙarar ce ta canja. Da safe nakan ɗora tafin hannu a kanta kafin kowa ya zo, ita ke gaya min lambar ranar.

Shekara talatin da huɗu ina yi musu ƙarya, shi ne aikina. Kai ka kore ni ka kawo mai gaskiya.

Tun wasa na biyu na gane. Na yi shiru ina jira ka tambaya, ban kuma zaci abin zai kai ga jijiyar yaro ba. Wannan ni zan ɗauka. Amma kai ma ka amsa min tawa. Ka hau kujera ranar Litinin, ranar Alhamis ka aiko sakatare ya gaya min lokacin hutuna ya yi. Sakatare, Reima! Ɗakina taku ashirin ne daga ofishinka. Me na yi maka?

Ka rage zurfin. Ka ba su kwana ɗaya su kwanta a gida.

Ubanka,
Aulis

*

Virtasalo, 9 ga Maris

Baba,

Gaisuwa, don haka ka koya min in fara, ba don raina yana so ba.

Tun wasa na biyu! Ka zauna a kujerar Sirkka kana shan kofi kana kallo ina nutsewa wasa bayan wasa, 'yata tana dawowa daga makaranta da kuka don ana kiran ubanta Koci Bokiti, kai kana jiran a ce maka don Allah. Na karanta layin nan na fita waje na tsaya a cikin sanyi ba riga, don kada in fasa wani abu.

Wasan Laraba mun faɗi kafin wasiƙarka ta iso. Ranar Asabar da safe na shiga ɗakin washi da kaina na canja lambobin. Injin kuwa yana rubuta lamba a fuskarsa da manyan haruffa. Oskari ya leƙo neman tef ɗin sanda ya gani. Kafin minti biyar mutum ashirin sun cika ƙofa.

Ya ce, “Koci, ka kashe mana ƙafa, yanzu kuma takalman za ka kashe?”

Na yi musu bayanin rufi da rana. Gola ya ce, “To, koci ya koma mai hasashen yanayi.” Suka yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi. Oskari ya ce, “Sha uku nake hawa tun ina yaro, da ita na ci kofi. Aulis bai taɓa canja min ba ko sau ɗaya. In ba shi ba, kada wanda ya taɓa min lamba.” Na mayar musu. Muka yi canjaras da ƙyar, aka cinye mu a ƙarin lokaci. Sa'armu ɗaya, ta takwas ma ta yi tuntuɓe.

Ka tambaye ni me ka yi min. To ga shi. Ka tuna bara da Oskari ya zame ba wanda ya taɓa shi, ya daki bango ya karya ƙashin wuya? Ina mataimaki lokacin, ni na kwaso takalmansa. Na kwantar da tsabar kuɗi a kan ƙarfen na hagu don gwaji, ta karkace. Baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na duba na mutum shida, huɗu haka suke. Hannunka rawa yake yi, Baba, ka daɗe ba ka iya cika kofi. Na ɓoye takalmin a motata, na ce ƙanƙara ce ta tsage. Na aiko sakatare ne don na kasa kallon idonka in faɗa. Ragwanta ce, na yarda. Amma gara ka ƙi ni da a ce a garin nan Aulis ya karya kyaftin.

Saura wasa biyu, Alhamis da Asabar, duka a gida, kuma sai mun ci duka. Ba hannunka nake nema ba. Ka zo ka tsaya a ƙofa ka karɓi takalman, ka ce musu sha uku ranka ya daɗe, ka rufe ƙofa. Ni zan riƙe ƙarfen a kan dutse. Dutsenka yana nan a sito, ban bari an sayar ba.

In ba za ka zo ba, kada ka rubuto.

Reima

*

Paltamo, 11 ga Maris

Reima,

Gaisuwa a gurguje, a aljihun Baba zan saka wannan don ta riga gidan waya.

Ga shi nan na ɗora shi a jirgin ƙasa na safe. Jiya da ya gama karanta wasiƙarka ya kira ka da sunayen da ba zan rubuta ba. Sai ya shiga rumfa ya ɗauko tsofaffin takalman Pentti da ƙaramin dutsensa. Na leƙa ta taga na ga ya gama, ya ɗora tsabar kuɗi a kan ƙarfen, ya daɗe yana kallo. Ya sake washi, ya sake ɗorawa. Sau uku. Bai ci abincin rana ba, da yamma ya ce in nemo masa jakarsa.

Kada ka tayar masa da maganar. Maganinsa na cikin safa, kafin abinci yake sha. Ku yi ƙoƙari kada ku kashe juna kafin Asabar.

Yayarka,
Sirkka

*

Virtasalo, 16 ga Maris

Yaya Sirkka,

Ina gaishe ki da Pentti. Na san kin gani a talabijin, amma talabijin ba ta shiga ɗakin washi.

Da yaran suka gan shi a ƙofa da tsohuwar rigar aikinsa sai ɗakin ya kaure da ihu, suna buga sanduna a ƙasa. Oskari ya rungume shi ya ɗaga shi sama, ya ce, “Tsoho, ka cece mu daga mai hasashen yanayi!” Baba ya ce, “Sauke ni, jaki. Lamba?” Ya ce sha uku. Baba ya ce, “Sha uku, ranka ya daɗe,” ko ƙifta ido bai yi ba.

Takalmi arba'in na wasa da hannuna, yana tsaye a kaina yana gwada kowanne a farcensa. Bakwai ya mayar min. Zagi kuwa na sha wanda ban sha ba tun ina yaro. Sau ɗaya ya miƙo hannu zai karɓi ƙarfen, sai ya dubi hannun ya mayar da shi aljihu. Na yi kamar ban gani ba.

Alhamis huɗu da ɗaya. Asabar uku da biyu, kuma ƙwallo biyun a zango na uku muka ci, yaran suna tashi kamar watan Nuwamba. Sai aka sanar da sakamakon ɗaya filin. Ta takwas ma ta ci nata. Da maki ɗaya ta tsere mana, Sirkka.

Yau da safe na ajiye wa Kurkela makullinsa. Ya ce ƙungiya na bukatar kocin da ya san yadda ake riƙe yara har ƙarshen kaka. Ban gaya masa maganar rufi ba, ya je ya tambayi injinsa.

Na kai Baba tasha. Na miƙa masa jakarsa, ya hau jirgi. Na san nawa laifin, ni na busa usur a kan Eemeli, ba wani ba. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in gan shi a kujerarki yana kallo yana shiru, sai zuciyata ta tafasa. Kada ki ce in yi haƙuri, ban shirya ba tukuna.

Ƙanenki,
Reima

*

Paltamo, 19 ga Maris

Ɗana Reima,

Ina gaishe ka.

Maki ɗaya. Wasa takwas na zauna ina kallo da amsar a bakina. Ko ɗaya daga ciki ya isa.

Ka rufa min asiri shekara guda, ni na kasa rufa maka na mako uku. Agogon bangon na cire shi daga ƙarƙashin gado na rataye.

Takalman da ka wasa ranar Asabar, talatin da uku ban sami abin gyarawa ba. Bakwai ɗin da na mayar maka ma lafiyarsu ƙalau.

Duk garin da ya ɗauke ka, ka fara duba rufin. Ba sai ka amsa wannan ba. Amma ina duba akwatin wasiƙa da ƙarfe sha ɗaya.

Ubanka,
Aulis